Wuni Ɗaya a Kasuwar Magunguna ta Cinfin, Birnin Gwanzu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. 

Da yawa daga cikin ƴan kasuwarmu sun san birnin Gwanzu na kudancin ƙasar Sin, wanda ake rubutawa Guangzhou, Faransawa kuma suka san shi da Kanton. Sai dai akasarinmu iyakarmu unguwar Shawbe, inda baƙar fata ke sauka, da kantunan yadi da takalma da wayoyin salula. Ni ma haka nake, har zuwa watan Maris na 2019, wanda ya zo daidai da Rajab na 1440, lokacin da wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke yi mini tafinta ya ce: "Baba Alhaji, bai kamata ka koma gida ba ka ga Cinfin ba." Na bi shawararsa, na kuwa samo darasin da nake ganin zai amfani kowane gida, musamman iyayenmu mata masu ajiyar sassaƙe da kayan yaji.

Garin da bango ke gumi

Kafin in kai ku kasuwa, sai na fara gaya muku halin garin, domin in ba a san shi ba, ba za a fahimci sauran zancen ba. Gwanzu na bakin Kogin Lu'ulu'u, ba nisa da teku. Ruwan saman da ke zuba a can cikin shekara ya haura milimita 1600, wato ninki uku na abin da Maraɗi ke samu. A ƙarshen sanyi kuma, cikin Maris da Afirilu, akwai wasu kwanaki da mutanen garin ke kira da sunan dawowar iskar kudu. Bango da daɓe sun sha sanyi sun ƙoshi, sai iska mai ɗumi, cike da laimar teku, ta taso daga kudu ta same su. Nan take ruwa ya kwanta a jikinsu kamar raɓa.

Na ga wannan da idona a masauki. Madubi ya dushe, matakalar bene ta jiƙe kamar an yi mata wanka, rigar da na shanya tun daren jiya ta wayi gari yadda na bar ta. Mu da muka saba da hunturu, inda wanki ke bushewa kafin a gama alwala, abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Na tambayi kaina: a irin wannan gari, yaya ake ajiye busasshen ganye bai ruɓe ba?

Cikin kasuwa

Kasuwar Cinfin, a rubuce Qingping, tana yammacin tsohon gari, daura da tsibirin Shamiyan inda Turawan Ingila da Faransa suka zauna a ƙarni na 19. An buɗe ta a 1979, kuma tana cikin kasuwanni 17 da hukumar ƙasar ta amince su riƙa sarin magungunan gargajiya. Tun daga bakin titi hanci ke sanar da mutum ya iso: ƙanshin kirfa, da citta, da busasshen ɓawon lemu, da wani wari mai ɗaci na sauyoyin da ban san sunansu ba. Buhuna ne jere, baki a naɗe, wannan da yankakkiyar saiwa fara tas, wancan da jan dabinon Sin, wanda ɗan'uwan magaryarmu ne, sai dai ya fi ta girma da tsoka.

Ana cikin haka sai na ga hulba. Na tambayi sunanta, mai kanti ya ce huluba. Na yi dariya, domin kalmar Larabci ce ta yi tafiya har can, kamar yadda ta yi tafiya ta zo mana. Ga kuma lubban a gefe. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san cewa fatake Larabawa da Farisawa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kawo turare da magunguna wannan gari ta teku. Alamarsu na nan har yanzu, wato masallacin Huwaishen mai hasumiya mai tsawon mita 36, inda muka je muka yi azahar a ranar. Mutanen wurin na danganta kafa shi ga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah ya yarda da shi, ko da yake abin da malaman tarihi suka tabbatar shi ne a kusa da Madina ya rasu, aka binne shi a Baƙi'a.

Kabad da firigo

Da muka dawo daga salla, sai muka shiga wani kantin haɗa magani a wani lungu kusa da kasuwar. Bango guda cike yake da kabad na katako mai ƙananan aljihuna sun fi ɗari, kowanne da sunan abin da ke ciki. Wata dattijuwa na tsaye da ɗan ma'auni na hannu, tana duba takardar likita, tana jawo aljihu, tana aunawa, tana zubawa a kan takarda. A ɗaya bangon kuwa, na'urorin sanyi ne guda biyu masu ƙofar gilashi, irin waɗanda muke kira firigo, sai kuma agogon auna zafi da laima rataye a tsakani. Da ta ga ina ta leƙe, sai ta yi mini bayani ta bakin tafinta, ni kuma na ƙara bincike daga baya.

Maƙiyan busasshen magani uku ne: ƙwari, da fumfuna, da tsatsowar mai. Ƙwari da fumfuna mun san su. Na ukun kuwa yana samun abubuwa masu maiƙo ko zaƙi: idan zafi da laima suka haɗu a kansu, sai su yi laushi, su yi danƙo, launinsu ya yi duhu, warinsu ya juya kamar na tsohon man gyaɗa. Fumfuna na bunƙasa ne idan zafi ya kai tsakanin digiri 20 da 35, laimar iska kuma ta haura kashi 75 cikin 100. Ƙwarin ajiya kuwa, idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 10, sai su daina motsi da hayayyafa.

Saboda haka kundin dokar magunguna na ƙasar Sin ya kasa wurin ajiya kashi-kashi. Akwai ɗaki na yau da kullum, daga digiri 10 zuwa 30. Akwai wuri mai inuwa da sanyi-sanyi, wanda ba ya wuce digiri 20. Akwai wurin sanyi sosai, daga digiri 2 zuwa 10, wanda shi ne firigo. Laimar ɗakin ajiya kuma ana so ta tsaya tsakanin kashi 35 da 75 cikin 100, ruwan da ke jikin yankakken magani shi kansa kada ya wuce kashi 13 a mafi yawan lokuta.

Wa ke shiga sanyi, wa ke zama a waje

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙarancin abin da ke cikin firigon. Na ga ɗanyun sauyoyi da ake amfani da su da ruwan jikinsu, waɗanda a da ake binnewa cikin yashi mai danshi kamar yadda ake yi wa ɗanyar citta. Na ga ƙwallayen ƴaƴan itace masu maiƙo. Na ga saiwar jinsen mai tsada. Na ga kuma wasu ƙananan ƴaƴan itace jajaye kamar zabibi, waɗanda Turawa ke kira goji, mafi shahararsu daga jihar Ninshiya suke zuwa, ƙasar ƴan'uwanmu Musulmin Hui. Kowanne yana cikin kwalba ko leda mai kauri, a rufe gam, a ƙananan ƙunshi.

Sauran duk suna cikin kabad. Ɓawon lemun mandarin na garin Shinhui, alal misali, ba a sa shi a firigo sam. Sai ya shekara uku a ƙalla yana shan iska a busasshen wuri kafin a kira shi magani, kuma tsufansa ne darajarsa. Ganyaye da furanni masu ƙanshi su ma busasshiyar inuwa suke so. Tun kafin lantarki ma, masu wannan sana'a suna da dabarunsu: su zuba ƙonanniyar farar ƙasa a gindin randa don ta tsotse laima, ko su ajiye abu mai yaji kusa da wanda ƙwari ke so.

Da na tambayi dalilin ƙananan ƙunshi, sai dattijuwar ta nuna mini bangon waje da ke gumi. Ta ce kwalbar da aka fitar daga firigo daidai take da wannan bango. Idan aka buɗe ta nan take, iska mai ɗumi za ta shiga, ruwa ya kwanta a kan maganin, sa'annan a rufe shi da ruwan a ciki. Don haka sukan fitar da ƙunshi ɗaya, su bar shi a rufe har sanyinsa ya sake, kana su buɗe, kuma abin da aka buɗe ba ya komawa. A nan na gane cewa firigo ba wurin busar da magani ba ne. Jinkirta ɓarna kawai yake yi, kuma in aka yi sakaci shi da kansa zai jawo danshin da ake gudu.

Abin da ido ba ya gani

Wani zai ce, to, in magani ya yi fumfuna ai sai a kakkaɓe a shanya. Wannan kuskure ne mai hatsari. Akwai irin fumfunar da ke fitar da dafi mai suna afalatoksin, shi ne dai wanda ke samun gyaɗa da masara idan aka ajiye su da danshi. An tabbatar yana jawo ciwon daji na hanta, kuma tafasawa irin ta gida ba ta kashe shi. Shi ya sa kundin dokar nan ya sa masa iyaka mai tsanani a magunguna irin su ɓawon lemu da ƙwallayen itace.

Haka kuma wasu ƴan kasuwa kan turara sauyoyi da hayaƙin farar wuta don su kori ƙwari, su ƙara musu haske. Tun 2013 hukuma ta ƙayyade ragowar wannan hayaƙi: miligiram 150 a kowane kilo ga yawancin magunguna, 400 ga wasu guda 10. Saiwar da ta yi fari fiye da kima, ko take da wari mai tsami mai shaƙe hanci, abar tuhuma ce. Ga Musulmi kuma akwai ƙarin hattara. A kasuwar na ga busassun macizai da kunamu da ƙadangaru, akwai sauyoyin da ake sarrafawa da giya, akwai kuma wani ƙullun da ake dafawa daga fatar jaki, wanda cinikinsa ya sa Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016. Kada mutum ya sha haɗin da bai tambayi abin da ke cikinsa ba.

Da na dawo gida

Kunya ba ta hana faɗin gaskiya. Na sayo jajayen ƴaƴan itacen nan kilo guda, na kawo gida cikin Afirilu, na juye su duka a babbar kwalba ɗaya, na sa a firigo kusa da ruwan sha. Lokacin zafi ne, wuta na ɗaukewa tana dawowa, yara na buɗe ƙofa ba adadi, mu kuma kullum da safe sai mu buɗe kwalbar mu ɗiba don shayi. Kafin damina ta yi nisa, sun manne da juna sun zama dunƙule, sun yi baƙi, ga farin gashi a gindin kwalba. Hajiya ta so ta shanya su don ganin tsadarsu, na ce a'a, muka zubar. Na ji bayani da kunnena, na gani da idona, amma ban yi aiki da shi ba. Laifin nawa ne, ba na firigo ba.

Don haka ga nasihata ga uwargida da maigida. Allah ya ba mu ni'imar da mutanen Gwanzu ke sayen na'ura don su samu, wato busasshiyar iska ta wata bakwai ko takwas a shekara. Zogale, da kuka, da soɓorodo, da hulba, da kanumfari, da busasshiyar citta, a busar da su sosai a inuwa, a zuba a kwalba mai murfi, a ɗora a kan kanta nesa da murhu da randa. Ba su da bukatar firigo. Abin da ke da maiƙo ko zaƙi, kamar niƙaƙƙiyar habbatus sauda, ko garin riɗi, ko dabino mai laushi, shi ne zai amfana da sanyi, da sharaɗin a raba shi ƙanana, a rufe gam, a bar ƙunshi ya huce kafin a buɗe. Inda wuta ba ta tsayawa, gara a sayi kaɗan a niƙa kaɗan. Da shigowar damina a binciki ajiya duka, ƴan'uwanmu na Ngaundare da Kumasi kuwa, inda laima ta fi yawa, su riƙa dubawa a kai a kai. Abin da ya canja launi ko wari, ko ya yi fumfuna, a zubar ba tare da waiwaye ba. Mai ciki, da ƙaramin yaro, da mai shan maganin asibiti, kada a ba su wani haɗi sai an shawarci likita.

Lafiyar iyali amana ce a wuyanmu, kuma za a tambaye mu a kanta. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare matafiyanmu, ya sa albarka a abin da muke ci da sha. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.