Fulogi Huɗu a Kan Kwali

Ranar da aka yi sadakar arba'in ɗin mahaifinmu, Allah Ya jiƙan shi, bayan baƙi sun watse, sai muka tsinci kanmu mu biyar tsaye a kan motarsa. Fijo ce 504, fara, wadda ya saya da bashin mota na ma'aikata tun Katsina na ƙarƙashin jihar Kaduna, kafin a ba mu tamu jihar a 1987. A Kaduna aka harhaɗa ta, a masana'antar Peugeot da ta fara aiki a 1975. Ita ta kai Hajiya asibiti haihuwar uku daga cikinmu, ita ke kai mu Daura hutu, a cikinta kuma muka koyi tuƙi ɗaya bayan ɗaya a bayan Ƙofar Guga. Yanzu ta shiga lissafin gado.

Washegari muka tayar da ita. Ta yi tari, ta feso hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ta salansa, inji na ɗingishi. Muka buɗe bonet, muka kwance fulogan nan huɗu muka watsa su cikin kwano. Biyu sun jiƙe sharkaf da baƙin mai. Nan take muka yanke hukunci cewa ringi ya cinye, sai an sauke inji, kuma kuɗin gyara zai fi kuɗin motar. Ga fetur, wanda tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023 ya zama abin aunawa da cokali. Babban yayanmu ya kawo maganar 'yan gwangwan, masu ɗora ƙarfe a sikeli su saya da kilo. Babu wanda ya musa. Hajiya ce kawai, tana cikin takaba, ta ce daga bakin ƙofar ɗakinta: "Ku dai kai ta wurin mai duba ta tukuna. Ba a yi wa mutum sutura sai an tabbata ya cika."

Mai duba ta wani dattijon makanike ne a wajen Ƙofar Ƙaura, wanda ya san motar tun ba mu iya wanke hannunmu ba. Bayan ya yi mana gaisuwa, muka miƙa masa kwanon da alfahari, kamar mun rage masa aiki. Ya leƙa, ya ɗago kai.

"Wanne ne na silinda ta ɗaya, wanne ne na ta huɗu?"

Muka kalli juna.

"'Ya'yan nan, kun kawo shaidu kun rikita sunayensu. Wa zan tambaya me ya gani?"

Ya wanke su da fetur, ya mayar, ya ce mu yi kwana uku muna hawanta, mu miƙa hanyar Jibiya mu dawo. A rana ta huɗu ya yagi kwali ya rubuta 1, 2, 3, 4, yana kwance kowane fulogi yana aza shi a kan lambarsa.

A nan muka gane cewa ba kowane baƙi ne ciwo ɗaya ba. Fulogi mai lafiya, in ji Baba, bakinsa ruwan ƙasa ne, busasshe, kamar na ɗaya da na biyu. Wanda ya yi baƙi ƙirin amma a bushe, kamar gindin tukunya, fetur ne ya yi wa iska yawa, a nemi laifin a kafireta. Mai danshi da santsi shi ne na baƙin mai, shi ma sai an duba inda man ya tsaya.

Ya ɗauki na uku. Mai ya ɓata farin jikinsa na sama, amma bakinsa da ke ba da wuta fes yake. A injin 504 fulogi yana zaune ne a cikin wani bututu mai zurfi da ya ratsa murfin saman inji, da roba mai hana mai shiga. Robar ta tsufa ta bushe, mai na tsiyaya daga sama yana taruwa a ramin. Ciwo ne na waje, bai taɓa cikin silinda ba.

Na huɗu ne ya sa ya yi shiru. Man a bakinsa yake, wato yana shiga inda fetur ke ƙonewa. Hanya biyu ya fi bi: ko ya hauro daga ƙasa ta gefen ringin fistan, ko ya gangaro daga sama ta wuyan bawul.

"Yaushe take hayaƙin?"

Muka ce da safe, sai kuma in ta daɗe tsaye tana aiki aka taka ta. Da an kama hanya sai ya ɗauke.

Ya gyaɗa kai. Mota in ta kwana, mai na sulalewa ta robar bawul ya taru, da safe ta ƙone shi. Da ringi ne, hayaƙin zai fi yawa lokacin da take jan kaya ko hawan tudu. Duk da haka bai tsaya ga maganarmu ba. Ya ɗaura geji a ramin kowane fulogi ya auna ƙarfin matsi, huɗun suka zo kusa da juna. Ya ɗiga cokali guda na mai a silinda ta huɗu ya sake aunawa. Da ringi ya cinye, man zai toshe giɓin, allurar ta yi sama sosai. Da ƙyar ta motsa.

"Ba ta mutu ba," in ji shi. "Tsufa ne. Robobi take so."

Muka koma gida jikinmu a sanyaye. Kunya ce ta kama mu, don mun san ba baƙin mai ne ya sa muka yi saurin yanke mata hukunci ba. Ganin ta a ƙofar gida babu mai ita ne ya fi ƙarfinmu, muka sami hujja a cikin kwano muka riƙe.

Baba bai yi mana alkawarin komai ba. Ya ce ringin ma yana da ranarsa, mu riƙa duba ma'aunin mai duk Juma'a kamar yadda Alhaji ke yi. Da aka zo rabon gado aka yi wa motar kuɗi, Hajiya ta ce a sa ta cikin tumuninta. Ranar da ta fita takaba, bayan wata huɗu da kwana goma, a cikinta muka kai ta gidan ƙanwarta a Rafin Daɗi. Kwalin nan mai lamba huɗu yana cikin but har yanzu, kusa da jak.