Ciki Da Rumbu

A wannan mako ina so mu yi zance a kan abin da ba a cika ambatonsa ba sai da raha, watau zarin ci. In an ce wane acici ne, ko yana ci kamar gara, dariya akan yi, shi ma mai laifin ya taya. To, addinin Kirista bai ɗauke shi abin dariya ba, ya lissafa shi cikin manyan zunubai. Da yake ni a gidan masu bi aka haife ni, na ga ya kamata in bayyana yadda muka fahimci abin, domin ko maƙwabtanmu Musulmi masu karanta wannan fili su ji. Na san su ma suna da koyarwar raba ciki kashi uku, na abinci, na ruwa, da na numfashi, saboda haka zancen ba baƙonsu ba ne.

Wata za ta ce, "Ke kuwa, a ƙasarmu wa ya ƙoshi balle ya yi zari?" Tambayar tana da kyau. Wanda ya san ƙasar nan ta arewa da birnin Kano, daga Ungogo da Minjibir har Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta, ya san gona manne take da gona. Ba sauran daji da za a sare, ba a kuma barin ƙasa ta huta. Kowace shekara wuri ɗaya ake nomawa, da ƙarfin taki da aka tara a turke ko aka ɗauko a mangala. Gonar da kaka ya bari 'ya'ya sun raba, jikoki sun sake rabawa, har ta koma kamar tabarma. Gero da dawa da wake da gyaɗa duk a fili ɗaya suke cunkushe. Abin da ya shiga rumbu da kaka shi zai kai gida wata kakar, in ya kai. Tsofaffi sun ba mu labarin yunwar 1914, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984. Ai irin wannan wuri shi ya fi kowane bukatar zancen nan, gama inda abinci yake a ƙidaye, lomar da wani ya ƙara daga bakin wani aka ɗebo ta.

Littafi Mai Tsarki ya fito gaba ɗayansa da Hausa a 1932, kuma ko kafin karatu ya yawaita kakanninmu sun haddace labaransa da ka. Akwai na Isuwa cikin Littafin Farawa, wanda ya dawo daga farauta a gajiye, ya sayar wa ƙanensa Yakubu da matsayinsa na ɗan fari saboda ƙwarya ɗaya ta faten jan wake. Ku lura, ba naman rago ba ne, ba dambun kaza ba, wake ne. Da wannan misali wani babban malami, Fafaroma Giregori na Ruma wanda ya rasu a shekara ta 604, ya nuna cewa laifin ba a cikin abincin yake ba, yana cikin sha'awar da ta fi ƙarfin mai ita. Mutum yana iya cin nama ya tashi ba zunubi, wani kuma ya hallaka a kan gaya. Shi Giregori ya ce ta hanya biyar abin yake shiga: ci tun lokaci bai yi ba, neman mai tsada, tsirfa wajen yadda za a dafa, wuce gwargwado, da kuma faɗa wa abinci da rawar jiki. Tun kafin shi ma, masu ibada na hamadar Masar, irin su Ebagiriyus wanda ya rasu a 399, sun sa ciki a farkon abokan gaba, domin sun ce wanda bai iya da cikinsa ba, sauran yaƙin ba zai iya ba.

Na tsirfa ɗin nan kuwa, ban taɓa jin an kira shi zari a garinmu ba, amma kowace mace ta san shi. Shi ne maigidan da ba ya cin ɗumame, ba ya shan miyar kuka kwana biyu a jere, in man shanu bai ji ba ya ture akushi. Ga shi siriri kamar kara, ba mai ce masa acici, alhali kuwa gidan duka bautar harshensa ake yi. Bari in wuce wannan, kada a ce na shiga ɗakin wasu.

Abin da ya fi damuna yana cikin wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura ta 11. Masu bi na wannan birni sukan taru su ci abinci tare. Masu hali sukan riga zuwa da nasu, su ci su sha har su yi tatil, bayi da 'yan ƙwadago kuwa kafin su tashi daga aiki su iso an suɗe kwano. Bulus ya tsawata musu ƙwarai, ya ce abin da suke ci ba Jibin Ubangiji ba ne, ya umarce su su riƙa jiran juna. Bai auna tumbin kowa ba. Abin da ya duba shi ne wanda ya koma gida da yunwa. Haka Annabi Ezekiyel, da zai faɗi laifin Saduma a sura ta 16, ya haɗa girman kai da ƙoshi da rashin taimakon matalauci wuri ɗaya. Mai arzikin nan na Luka sura ta 16 ma, ba a ce ya yi sata ko ya kashe wani ba. Cin daɗi yake yi kullum, Li'azaru yana kwance a ƙofarsa yana marmarin ɓarɓashi.

To, mu dubi namu taron. Na sha zuwa bikin godiya na kaka da na Kirsimeti a ƙauyuka dabam dabam, tsarin kusan ɗaya ne. Mata sun kwana a gindin murhu. In abinci ya sauka, akushin farko na manya ne da baƙi, da tsokar da duk ta fi kyau. Sa'an nan samari, masu hannu kamar magirbi. Yara suna raɓe suna kallo, ana korarsu da kara. Masu goyo da masu ciki, waɗanda su ne jikinsu ya fi bukata, su ne na ƙarshe, su kankare ƙanzo su ce ai sun ƙoshi da ƙamshi. Girmama manya wajibi ne, ban ce a bari ba. Amma dattijon da ya san akwai ƙananan yara a bayansa, ya kuma ƙarasa naman har da tauna ƙashi, ina ganin da Bulus ya zo garinmu da shi zai fara.

Tun zamanin Turawan mishan na SIM, waɗanda suka yi asibitin kutare a Yadakunya da makarantar Littafi a Tofa, aka yaƙi giya a cikin masu bi, ikkilisiyar ECWA da aka kafa a 1954 ta riƙe wannan har yau. An yi daidai, domin dawar da za ta ciyar da gida mako guda takan ƙare a tukunya ɗaya ta burukutu. Sai dai hatsi yana da wata ƙofar fita ban da wannan. Ana gama girbi sai buki ya tashi, wance ta yanka akuya ɗaya, ni sai na yanka biyu. A ɗebi dami a sussuke, a kai kasuwa lokacin da hatsi ya fi araha, manyan motoci su kwashe zuwa Dawanau. Da damina ta yi tsakiya, ga noma ga rumbu wayam, sai a koma a sayi tiya da tsada, ko a ci bashin da za a biya da amfanin da bai ma nuna ba. Wannan cin watan bakwai ne a watan goma sha biyu, watau ci tun lokaci bai yi ba, wanda Giregori ya sa a farko.

Kakata ba ta taɓa jin sunan Giregori ba, amma ita ke riƙe da awo a gidanmu. Tana da wata tsohuwar ƙwarya da aka ɗinke bakinta, da ita take auna hatsin yini. Da kaka, lokacin da ido yake ganin yalwa, ba ta yarda a tara mata kai ba, a shafe take ba da shi. In suruka ta yi gunaguni sai ta ce, "Rumbu ba ya haihuwa." Amma duk tsananinta, malmala ɗaya takan keɓe kullum a rufe da faifai, ta baƙo ko almajiri ko wata gwauruwa da ke bayan gidanmu. Wannan malmalar ba ta taɓa shiga lissafin tsimi ba. Ta nan na gane bambancin kamun kai da rowa. Marowaci ma bawan ciki ne, ajiyar gobe kawai yake yi masa, shi ya sa mannar da Isra'ilawa suka ɓoye ta kwana, bayan an hana su, ta wayi gari da tsutsa.

Kada kuma wata ta ji wannan ta ɗauka ana so mu zauna da yunwa. Yesu Almasihu ya je biki a Kana, ya ci abinci a gidajen mutane har magabtansa suka kira shi mai zarin ci. Azumi yana da wurinsa, 'yan Katolika da 'yan Angilikan suna da na kwana 40 kafin Ista, wasunmu kuma sukan keɓe ranaku. Amma macen da take shayarwa, ta hana kanta abinci kullum domin a ce tana da kunya, ba ibada take yi ba, jaririnta take ragewa. Na faɗi wannan a taron Zumuntar Mata, wasu suka sunkuyar da kai, wata tsohuwa ta ce, "Faɗa musu, 'yata, mu da muka yi haka ga haƙoranmu nan sun zube."

A wani ƙauye kusa da mu matan majami'a sun sake tsari, ba tare da sun yi wa kowa gardama ba. Tun tukunya tana kan wuta sukan ƙirga yara da masu goyo, su zuba nasu a kwanuka da namansa, su kai ɗakin wata dattijuwa su rufe. Sa'an nan su fito da na manya cikin ladabi, har da durƙusawa. Abin da ya ragu bayan taro ba a bar wa karnuka, sai a tattara a raba wa gidajen da ba su iya zuwa ba. In an tambaye su dalili, sukan tuna wa mai tambaya cewa ranar da aka ciyar da mutum 5,000, Almasihu da kansa ya sa aka tsince gutsattsarin har suka cika kwando 12. Shekara ta fari wani dattijo ya ɗaga murfin akushi, ya ce naman bana ya yi kaɗan. Aka ce masa, "Baba, yana wurin jikokinka." Ya yi shiru, ya wanke hannu ya ci.