Allah Ɗaya, Gari Bamban

Yau hirarmu ta ƙasa ce, wato wannan da muke takawa, domin ni dai a ganina tana da hannu a yadda mutanen kowane gari suke tsoron Allah da yadda suke roƙonSa. Ke da aure zai iya kai ki garin da ba ki taɓa zuwa ba, ki saurara da kyau.

Ni a gindin Dala aka haife ni. Dutse ne ja mai tama a cikinsa, shi ya sa maƙera suka zauna a wurin tun wajen ƙarni na 7. Tarihin Kano ya ce Barbushe a kansa yake zaune, ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara, ya shiga wurin Tsumburbura, ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai faru. Da Wangarawa suka zo da Musulunci zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), sannu a hankali aka bar tsafin, amma ƙasar ba ta sake ba. Ƙarƙashinmu dutse ne, haƙa rijiya sai an sha wuya, damina kuwa 'yan watanni ce. To, mutumin da yake jiran ruwa daga sama ai dole ya iya ɗaga kai. Idan ruwa ya yi jinkiri, iyayenmu sai sadaka da fita roƙon ruwa. Addu'arsu ta haƙuri ce, ta mai dafa dutse har ya sha romo.

Aure ya kai ni Argungu, sai na tarar da wata duniyar. Can ƙasar yashi ce da laka, ga fadama shimfiɗe, ga shinkafa, ga gulbi. Su ba su cika kukan rashin ruwa ba, tsoronsu kada ya yi yawa. Gulbin da ya ciyar da kai bana, shi ne zai cinye maka gona baɗi. Surukata ba ta barin yaro ya doshi gulbi sai ta yi masa addu'a, kuma ba ta yarda a yi wa ruwa alfahari. Takan ce da ni, "'Yata, wanda ya fi kowa iya iyo shi ruwa yake ci."

Ko bikin kamun kifin nan da aka fara a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, yana da ladabinsa. Matan Fada ba a shigarsa da homa da gora sai an ba da izini, kuma akwai Sarkin Ruwa da ke kula da shi. Kin ga ibadarsu cike take da neman tsari da ƙanƙan da kai.

Don haka 'yar'uwa, idan kin je gidan miji kin ga suna kaffa-kaffa da abin da ku ba ku damu da shi ba, kada ki yi saurin cewa ƙauyanci ne. Raini irin wannan ya kashe aure da yawa. Ki duba ƙasarsu tukuna, ki tambayi tsofaffi a hankali. Abin da ya saɓa wa addini ki bar shi cikin ladabi, sauran kuwa ki koya, domin wata rana 'ya'yanki 'yan garin ne.

Allah Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, amin.