Wayar Da Kawu Ya Ƙi Yankewa

A unguwar Agege, cikin Legas, akwai wani tsohon mai gyaran rediyo wanda ya shafe shekara arba'in yana shaƙar hayaƙin dalma. A daminar 2018 ne ɗan ƙanwarsa, saurayi mai kaɗa jita a wajen bukukuwa, ya shigo shagonsa da jaka, ya zazzage 'yan akwatuna biyar bisa tebur. Irin waɗannan akwatuna makaɗi yakan jera su a ƙasa, tsakanin jita da amfilifaya, yana taka su da ƙafa domin su sauya muryar kiɗa. Wani ya sa ta yi kaushi, wani ya maimaita ta kamar amsa-kuwwa, wani kuwa ya sa ta yi rawa. To, saurayin ya gaji da su, gama ƙura tana shiga, wayoyi suna kwancewa, ga batir mai bolt 9 yana ƙarewa ana tsakiyar wasa. Bukatarsa ita ce a ciro 'yan allunan lantarkin da ke cikinsu, a ɗaure su duka cikin akwatin ƙarfe guda wanda ya sayo a kasuwar Alaba, irin wanda ake sakawa a rak.

Shi dai rak wata kanta ce ta ƙarfe wadda ake jera na'urori a cikinta, wannan bisa wancan. Faɗin fuskar kowane akwati inci 19 ne, tsawonsa kuwa ana ƙirga shi da hawa, kowane hawa inci 1.75, watau milimita 44.45. Kamfanin tarho na Amurka, AT&T, shi ya kafa wannan ma'auni wajen 1922, daga baya gidajen rediyo da makaɗa suka ara. Dabarar saurayin ma ba sabuwa ba ce. Tun cikin shekarun 1970 Pete Cornish na Ingila ya yi suna wajen harhaɗa irin waɗannan alluna wuri guda, ya yi wa David Gilmour na Pink Floyd da Brian May na Queen aiki. A shekarun 1980 kuma Bob Bradshaw na Los Angeles ya yaɗa tsarin ajiye na'urori a rak can baya, makaɗi yana sarrafa su da makunnai a gaban ƙafarsa.

Tsohon ya jujjuya akwatin mai hawa biyu, ya ce kwana goma. Saurayin ya ce, "Kawu, ranar Asabar muna da biki." Tsohon bai ce masa uffan ba.

Kafin ya huda ko rami ɗaya, sai da ya zana wurin zaman kowane abu a kan kwali. Taransifoman wuta ya kai shi can kusurwar baya, mashigar jita da allon nan mai sa kaushi ya kawo su ɗaya kusurwar, domin sautin jita raunanne ne ƙwarai, allon kuwa duk abin da ya samu, kiɗa ne ko hayaniya, ninka shi yake yi. Kowane allo ya ɗora shi bisa ƙafafu huɗu na roba, ya ɗaga shi daga gindin akwati, don kada ɗigon dalma na ƙarƙashinsa ya taɓa ƙarfe. Maɓallan murɗawa ya mai da su fuskar akwati, ya ja musu waya mai sulke, gajera iyakar yadda za ta yiwu. Allo ɗaya ya ba shi wahala, na tsohon yayi ne mai tiransistan jameniyam, irin ƙirar Fuzz Face ta 1966. Wutarsa a juye take da ta sauran, in an haɗa su a hanya guda sai wutar ta yi karo, ga shi kuma zafi yana sauya masa murya. Sai ya ware masa tasa wutar, ya nisanta shi da duk abin da ke ɗumi.

Aiki na ƙarshe shi ne wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya. Ya kankare fenti har ƙarfe ya fito fes, ya ɗaure ta da noti nata ita kaɗai, ya auna da mita daga jikin akwati zuwa doguwar ƙafar fulogi.

Ranar Jumma'a da yamma aka kunna. Kiɗa ya fito, amma a ƙarƙashinsa akwai wani ƙugi kamar na ƙudan zuma cikin tulu. Ƙugin wutar gari ne, mai bugu 50 a daƙiƙa. Dalilinsa kuwa, akwatin yana da hanyarsa zuwa ƙasa, amfilifaya yana da tasa, wayar sauti ta haɗa su biyun, sai aka sami zobe wanda 'yar wuta ke kewayawa a cikinsa.

Saurayin ya san maganin da abokansa suke yi. Ya miƙa wa tsohon filaya, ya ce, "Kawu, yanke koriyar nan kawai. Kowa haka yake yi, nan take ƙugin zai ɗauke."

Gaskiya ya faɗa, zai ɗauke. Amma fa tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin na'ura. Ranar da wayar wuta mai bolt 230 ta goge ta taɓa akwati, in wayar ƙasa tana nan, ita za ta kwashe wutar, fis ya ƙone, magana ta ƙare. In babu ita, wutar za ta jira hannun makaɗi mai gumi. Leslie Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya mutu a kan dandali a Swansea a 1972, da ya taɓa makirufo marar wayar ƙasa. Keith Relf na Yardbirds kuwa wuta ta kashe shi a gidansa a 1976, yana kaɗa jita.

Tsohon ya ajiye filayar, ya ce, "Yaro, uwarka ƙanwata ce, ciki ɗaya. In an kawo ka a kwance, me zan gaya mata? In ce mata ƙugi ne ya dame ka?"

Saurayin ya kwashi jitarsa ya fita ba sallama. Bikin Asabar da akwatunan aro ya yi shi, abokai suna yi masa dariya. Mako biyu bai taka shagon ba, ko gaisuwa bai aiko ba. Abin ya yi wa tsohon ciwo, gama shi ya goyi yaron nan a kafaɗa, kuma ya san a idonsa ya zama tsoho mai taurin kai wanda zamani ya bari a baya. Duk da haka bai taɓa wayar ba. Sai ya bi ƙugin a hankali. Ya cire ramukan jona waya na ƙarfe ya sa masu jikin roba, ya tattara wayoyin ƙasa na allunan duka ya haɗe su a wuri guda, sa'an nan ya sa ɗan taransifoman sauti a mafita, wanda yake ƙetarar da kiɗa ba tare da hanyoyin nan biyu sun sadu ba. Zoben ya tsinke, koriyar waya tana nan daram. Da ya kunna, shiru kake ji sai an taɓa tsirkiya.

Irin wannan aiki ba shi da mai yabo. Masu rawa ba su san da wayar ba, fis bai taɓa ƙonewa ba balle a ce ga ranar da ta yi rana, kuma mai yiwuwa ne ranar ba za ta zo ba har akwatin ya tsufa. Ladan mai rigakafi ke nan, a kwana lafiya a manta da shi.

Saurayin ya dawo a mako na uku, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya karɓi kayansa, ba wanda ya tayar da maganar. Bayan wata biyu sai ga shi da amfilifayan abokinsa a ka. Ya sauke, ya nuna fulogin da aka karye wa doguwar ƙafa, ya ce, "Kawu, a mayar masa da ita." Tsohon ya jawo kujera, ya miƙa masa filaya da mita, ya ce ya zauna ya yi da hannunsa.