Tsibirinmu na Kwatarkwashi

Yau dai sai ku yi mini haƙuri, ba labarin soyayya na zo maku da shi ba kamar yadda na saba, babu Alhaji mai Marsandi, babu budurwa mai gashi har gadon baya. Wata 'yar tafiya ce ta kwana biyu da muka yi ni da abokan aikina a shekarar 2014, wadda har gobe in na tuna ta sai in yi dariya, can kuma sai kunya ta rufe ni.

A lokacin ina aiki a wata ƙaramar makarantar kuɗi a Tudun Wada cikin Gusau. Ba koyarwa nake yi ba, takardar sakandare kaɗai gare ni, ni ce mai riƙe da rajista da rasit, da aka ga kuma ban cika ɓatan lissafi ba sai aka maishe ni uwar adashi. Mu goma sha ɗaya ne a ciki har da Hajiya mai makarantar.

Cikin azumin shekarar ne, wajen ƙarfe ɗaya na rana muna zaune a ofis ana cike katin sakamakon yara, ƙishirwa ta ishi kowa, sai malamar aji uku, wata yarinya ɗanya shakaf da ba ta daɗe da gama kwalejin ilimi ta mata ta nan Gusau ba, ta miƙo mana wayarta ta ce, "Don Allah ku dubi inda mutane ke zuwa hutu." Kai jama'a! Ruwa ne shuɗi garai-garai iya ganinka, ga farin rairayi kamar an tankaɗe gari, ga itatuwan kwakwa sun sunkuyo. Ta ce wai sunan wurin Zanzibar, tsibiri ne na ƙasar Tanzaniya a cikin tekun Indiya, mafi yawan mutanensa Musulmi ne, kuma sun shahara da noman kanumfari. Hajiya ta gyara tabarau ta duba ta ce, "In dai don kanumfari ne, akwai shi Tsohuwar Kasuwa." Muka kwashe da dariya.

Amma kun san halin zuciya, da ta ƙyalla ido shi ke nan. Kafin a tashi magana ta zama gaske, wai lallai mu ma bana sai mun je wani wuri mun huta. Wata ta ce Yankari, aka ce Bauci ta yi nisa. Wata ta ce dam ɗin Bakolori. Da na buga lissafi, naira dubu biyu-biyu ce kowa za ta iya fitarwa bayan hidimar Sallah, dubu ashirin da biyu ke nan, ga fetur lita naira 97. Kuɗin nan dai ba su wuce dutsen Kwatarkwashi ba, wanda kowannenmu ya sha wuce shi a mota in za a Funtuwa ko Zariya, amma ko ɗaya ba ta taɓa tsayawa ba. Aka shirya za mu yini a dutse ranar Asabar, mu kwana Tsafe gidan ƙanwar Hajiya, Lahadi mu leƙa 'Yandoto mu dawo.

Samun izini ma sai da aka sha fama. Maigidana ya tuna mini da kisan da aka yi a 'Yargaladima cikin watan Afrilun shekarar. Na ce masa haba Abban yara, wancan ai can ne dajin Ɗansadau, mu kuwa bakin kwalta za mu, ga Gusau nan kusa. Haka muke gani a lokacin, wallahi da gaske haka muke gani.

To ga inda laifina yake. Akwai wata dattijuwa da ke yi mana shara da wanke bayin yara, Inna muke ce mata, in ka tambaye ni sunanta na yanka a lokacin sai na duba takardar albashi. Ranar da nake rubuta sunayen masu tafiya tana duƙe tana share ƙarƙashin tebur ɗina, sai ta ɗago ta ce, "Malama, Kwatarkwashi kunka ce? Ai ƙasarmu ta." Na ce, "Allah sarki Inna," na ci gaba da rubutuna. A raina na ce wadda albashinta bai wuce dubu biyar ba ina ita ina zubin dubu biyu, gara kada in ɗora mata nauyi. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar magana kuwa ban ga kujerarta a cikinmu ba ne. Sai ana gobe tafiya Hajiya ta ce, "Wai wa zai tsare mana kaya ya wanke kuloli?" Sannan na aika yaro ya kira Inna.

Ranar Asabar 2 ga Agusta muka kama hanya a bas ɗin makaranta. Kowa ta ci kwalliya da ɗinkin Sallah, har da mai takalmi mai tsini, wai za a hau dutse. Inna tana can baya tsakanin kular shinkafa da jarkar zoɓo. Muka wuce Sabon Gida ana ta waƙe-waƙe da tafi kamar 'yan kai amarya.

Duk wanda bai ga Kwatarkwashi da damina ba bai gan ta ba. Gero ya rufe ƙasa kore shar ko ta ina, dutsen kuma ya taso daga tsakiyarsa baƙi ƙirin, santsi kamar bayan tukunya, garin yana kwance a gindinsa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a ƙaramar hukumar Bunguɗu yake, ko da yake garin Bunguɗu na yamma da Gusau kan hanyar Sakkwato, ita kuwa Kwatarkwashi tana hanyar Tsafe. Baba direba ya nuna mana fadar Sarki Alhaji Ahmad Umar, wanda Allah ya yi wa rasuwa a 2022 bayan ya shekara 61 a kan gadon sarauta. Wani yaro da ya yi mana jagora ya ce mutanen dā a kan dutsen suka zauna saboda yaƙi kafin su sauko, da kuma bikin kamun maiki da ake yi a zamanin maguzanci. Bai yi nisa ba labarinsa ya ƙare. Inna ce daga bayanmu, da kula a kanta, ta riƙa ƙarasa masa, tana nuna inda kakarta ta ce ana ɗiban ruwa, da kogon da ba a yarda yara su shiga ba. Ba wanda ya juya ya saurare ta sosai, hoto muke ta ɗauka.

Hawan dai ba mu yi ko kwata ba. Mai tsinin takalmi ta cire shi ta riƙe a hannu, Hajiya ta zauna ta ce ita nan ne Arfarta. Muka gangaro muka tsallake wata busasshiyar ƙorama zuwa kan wani falalen dutse mai faɗi, muka shimfiɗa tabarmi. Inna ta dubi gabas ta ce, "Hajiya, wanga wuri ba ya da kyau in hadari ya taso, mu koma wajen mota." Malamar aji uku ta ce, "Kai Inna, rana tsaka haka?" Aka buɗe kuloli.

Ko rabin faranti ban ci ba iska ta kaɗa. Kafin mu naɗe tabarmi ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Abin da ba mu sani ba, dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya zuba a kansa gangarowa yake yi gaba ɗaya. Ƙoramar nan da muka tsallake da ƙafa ta cika ta batse, ta rabu biyu ta kewaye falalen da muke kai, ja wur tana tafe da karare da itace. Mu goma sha biyu a tsaye cirko-cirko, leshi ya manne a jiki, janbaki da hoda sun bi ruwa. Malamar aji uku ta fashe da kuka tana kiran mamanta. Hajiya, da haƙoranta ke kaɗawa don sanyi, ta dube ta ta ce, "To ga Zanzibar ɗinki nan, sai ki sha."

Wata ta ce mu faɗa mu tsallake tun bai ƙaru ba. A nan ne na fara jin muryar Inna da ban taɓa ji ba. Ta daka tsawa ta ce, "Kowa ta zamna! Wadda duk ta sa ƙahwa ruwan ga ba ni biɗar ta." Wallahi har Hajiya sai da ta zauna. Muka fi awa biyu a nan. Da ruwan ya tsagaita ta ɗaure zanenta tamau, ta samo kara tana dungura ƙasa har ta gano inda tsakuwa take, sannan ta riƙa kama hannunmu ɗaya bayan ɗaya tana ƙetarar da mu. Sau goma sha ɗaya ta je ta dawo, na sha biyun kuloli ta koma ɗaukowa.

Muka iske bas ta kafe a laka, Baba direba ya yi iya yinsa ta ƙi fita, ga magariba ta kawo kai. Zancen Tsafe ya sha ruwa. Inna ta ce ƙauyensu na nan bayan dutse, in za mu iya takawa.

Tun daga bakin gari na ga abin mamaki. Magidanta masu gemu suna sauka daga kan keke suna durƙusawa, mata na leƙowa ta kan danga suna guɗa, yara na rugawa suna faɗin ta zo, ta zo. Ashe Innar da ke wanke mana bayi ungozoma ce, ta gada daga uwarta, rabin samarin ƙauyen ita ta yanke masu cibi. Abin da ya kai ta Gusau shara, jikarta ce marainiya da ke karatu a makarantar koyon aikin lafiya ta Tsafe, 'yan kuɗin nan can suke tafiya. Shekara uku muna tare ban taɓa tambaya ba.

Kafin isha'i kwanuka sun cika tsakar gidan ƙanenta, tuwon dawa da miyar sure, hoce, fura da nono mai kauri, har da zabi biyu da aka yanka. Aka fito mana da busassun zannuwa. Ni ta kai ni ɗakinta ta ba ni gadonta na kara, ta shimfiɗa tabarma a ƙasa. Barci ya ƙi zuwa. Can cikin duhu na ce, "Inna, ki yafe mini." Ta ce, "Mi kinka yi, ɗiyata?" Na ce ban rubuta sunanta ba. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Ai na gani. Na ce ƙila ruwan biro na ya ƙare." Ta juya ta yi barcinta, ta bar ni ido biyu har kiran assalatu.

Da safe samari suka turo motar. Mun je Tsafe, mun leƙa 'Yandoto, tsohon garin malamai, amma ni dai kaɗan na riƙe daga abin da aka nuna mana.

Sauran labarin duk ɗan Zamfara ya san shi. Abin da na ce yana can dajin Ɗansadau ya iso bakin kwalta. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya. A Satumbar 2023 aka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, nan inda muka wuce muna tafi. Ƙauyen su Inna ya watse tun kafin nan, waɗanda suka ciyar da mu a daren nan wasunsu a ɗakinta na haya suka sauka, wasu a kangon gini. Makarantarmu ma an rufe, kowa ta kama gabanta.

Bara Inna ta neme ni har gida, ta tsufa ƙwarai, jikar ce ta riƙo hannunta. Bayan mun gaisa ta ce, "Malama, hotunan nan da kunka ɗauka, ko akwai na garinmu?" Na ɗauko tsohon memori na sa a waya muka zauna muna dubawa. Hoto arba'in da bakwai. Ga mu a kan dutse, ga mu da faranti, ga mai tsinin takalmi. Na ƙauyen babu ko ɗaya, cajin kowa ya ƙare kafin mu isa. Ita kanta a guda ɗaya tak ta fito, shi ma bayanta ne, can gefe, da kula a ka.

Shi na kai aka wanke mata. Ta daɗe tana kallonsa kusa da ido, sannan ta ɗora yatsa a kan koren geron da ke can ƙarshen hoton ta ce wa jikar, "Kin gani, gonar ƙanena ta nan, bayan wanga dutsi." Ta naɗe shi a leda ta soke a bakin zane.