Bordo, Ƙasar Da Ake Rubuta Shekara A Jikin Kwalba

Birnin Bordo yana kudu maso yammacin ƙasar Faransa, a bakin kogin Garon. In ka bi kogin nan ka yi arewa kaɗan, za ka tarar da inda ya gamu da wani kogi mai suna Dordon. Su biyu suka zama ruwa ɗaya mai faɗi da ake kira Jirond, wanda yake zuba cikin tekun Atlantika. Dama da hagu babu abin da ido yake gani sai gonakin inabi, layi-layi, an ɗaure kowace kuranga a jikin waya, tsawonta bai cika wuce ƙirjin mutum ba. Tun zamanin Romawa ake wannan noma a wurin. Mun sani yawancin masu karatunmu ba mashaya ba ne, amma kusan dukanmu manoma ne ko 'ya'yan manoma, labarin nan kuwa na manomi ne da sararin sama.

A jikin kwalbar ruwan inabi ta Bordo akan rubuta shekarar da aka tsinke 'ya'yan. Gona ɗaya ce, kuranga ɗaya, ma'aikata su ne dai na bara, amma sai ka ji kwalbar wata shekara ta ninka ta wata kuɗi sau da yawa. Wata in an ajiye ta shekara 50 sai ƙara kyau take yi, wata kuwa kafin shekara 10 ta salance. Mutanen wurin suna tuna shekarun nan kamar yadda tsofaffinmu suke tuna shekarar fari da shekarar da damina ta yi albarka.

Ga dalili. Bordo tana kusa da teku, ruwan sama yana iya sauka a kowane wata, ba kamar wurinmu da damina take da lokacinta ba. Akwai babban kurmin itatuwa da ake kira Land tsakanin gonakin da teku, yana tare musu iska, amma ba ya tare hadari. Manominmu yana duban gabas yana roƙon ruwa. Manomin Bordo sau da yawa roƙonsa shi ne ruwa ya dakata.

Tashin hankali yakan soma tun watan Afrilu, sa'ad da kuranga ta fid da toho. In dare ya yi garau, babu gajimare, sanyi yakan sauko har raɓa ta daskare a kan tohon, gari na wayewa ya yi baƙi kamar an babbake shi. A dare ɗaya cikin Afrilu na 1991 gonaki da yawa suka yi asarar yawancin amfaninsu. Haka kuma a ƙarshen Afrilu na 2017, har abin da aka samu a yankin duka ya ragu da wajen kashi 40 cikin 100. A irin wannan dare za ka ga iyali duka a gona da tsakar dare, suna kunna manyan kyandirori a tsakanin layuka, ko suna ƙona ciyawa, don su ɗan ɗumama iska. Mafi muni shi ne sanyin Fabrairu na 1956, wanda ya kashe kurangar kanta har saiwa a wurare da yawa, tilas aka sake dashe.

Wajen farkon Yuni ake fure. Daga fure zuwa tsinka, in ji manoman, kwana 100 ne ko kusa da haka. Cikin kwanakin nan ne ake sanin ko ruwan inabin zai jure ajiya.

Abu biyu ne suke riƙe shi kada ya lalace: tsami da bauri. Baurin yana cikin ɓawon ɗan inabi da ƙwayarsa, irin wanda yake kama harshe in ka ci ɗanyen goro. Danginsa ne yake cikin bagaruwar da majema suke jeme fata da ita don kada ta ruɓe. In rani ya yi zafi daidai, ruwa ya yi ƙaranci, 'ya'yan sukan fito ƙanana, da ɓawo mai kauri, ruwansu kaɗan amma mai ƙarfi. Irin wannan yana sabo ba ya shawuwa don bauri. Sai ya yi wata 18 ko fi a gangar katako mai cin lita 225, sa'an nan ya yi shekaru a kwalba cikin ɗaki mai duhu da sanyi, baurin ya kwanta a hankali. In kuwa ruwa ya yi yawa, 'ya'yan sukan kumbura su yi lami, funfuna ta kama su. Haka aka yi a 1963 da 1965 da 1968, shekarun da ba mai son a tuna masa da su.

Abin mamaki, waɗansu daga cikin shekarun da suka fi suna sun fara ne da hasara. A 1945 sanyi ya ƙone toho a farkon Mayu, sa'an nan aka yi rani mai zafi da fari. Abin da aka tsinka kaɗan ne, amma har yau ana ba da labarinsa. Gidan Mouton Rothschild ya sa harafin V a takardar kwalbar shekarar, alamar nasara, gama a shekarar ce Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare. Haka 1961: sanyi ya rage fure, kuranga ta zuba ƙarfinta duka cikin 'yan nonnan da suka ragu.

To, amma ba sama kaɗai ke yanke hukunci ba, har da zuciyar mai gona. A 1964 rani ya yi kyau ƙwarai. A gabashin kogi, wajen Pomerol da Sant Emiliyon, inda ƙasa take da yumɓu, an fi shuka irin da ake kira Merlot, mai saurin nuna, suka tsinke nasu lafiya. A yammaci, yankin Medok mai tsakuwa, irin Cabernet Sauvignon ya fi yawa, shi kuwa yana da jinkiri. Waɗansu suka tsinka da wuri, waɗansu suka ce bari ya ƙara nuna. Ran 8 ga Oktoba ruwa ya tsuge, ya yi kwana da kwanaki bai ɗauke ba. Maƙwabta biyu, shinge ɗaya, wannan ya sami abin ajiya, wancan ya kwashe jiƙaƙƙen inabi. Wanda ya taɓa barin gero a gona yana jiran ya ƙara bushewa har ruwan ƙarshe ya same shi ya san zafin abin.

In ka yi kudu da birnin kamar kilomita 40 za ka isa Soterin, inda lissafin ya juye. Akwai wani ɗan rafi mai sanyi, Siron, da yake shiga Garon. Da kaka haɗuwarsu takan ta da hazo da safe, da rana kuma gari ya buɗe. Hazon yana kawo funfunar nan da ake gudu a sauran wurare, amma a nan nemanta ake yi. Takan huda ɓawo, ruwa ya ƙafe, zaƙi ya taru, ɗan inabin ya yanƙwane ya yi muni. Masu tsinka sukan zaga gona sau da yawa suna zaɓen waɗanda suka kai. Yawan zaƙi da tsami yakan sa ruwan inabin Soterin ya kai shekara 100 bai mutu ba. In kuwa rana ta ƙi fitowa bayan hazo, ruɓa ce kawai. Gidan Yquem, wanda ya fi kowa suna a wurin, bai fitar da ko kwalba ɗaya da sunansa ba a 1964, 1972, 1974, 1992 da 2012. Aikin shekara guda ke nan, da kuɗin ma'aikata, ya ƙi sa sunansa a kai.

A 'yan shekarun nan damuwar ta sake kama. Zafi ya ƙaru, ana tsinka da wuri fiye da zamanin kakanni. A zafin 2003 inabi ya ƙone a jikin kuranga a waɗansu gonaki, tsami ya ragu, zaƙi ya yi yawa, irin wannan kuwa yakan yi saurin tsufa. Ɗumin kuma yana sa toho ya fito da wuri, sanyin Afrilu ya same shi a fili, kamar yadda ya faru a 2021. A shekarar ce hukuma ta yarda wa manoman Bordo su gwada sababbin iri 6 a ɗan yanki na gonakinsu. Ɗaya daga cikinsu, Touriga Nacional, daga ƙasar Fotugal aka kawo shi, inda ya saba da rana.