Ina Aka Kwana a Kan Fayil Ɗin Inna?

Ɗakin Inna ya fara yoyo a damunar 2023. Azara biyu ne suka ruɓe a ƙuryar gabas, har ƙasar rufin ta soma zubowa a kan adakarta. Gidan yana Ƙofar Marke, cikin tsohon garin Sakkwato, a wani lungu da keke mai ƙafa uku ke shiga da ƙyar. Kakanmu ya gina shi da tubali, mahaifinmu ya ƙara ɗaki biyu na bulo, mu kuma da muka gada muka watsu: ni a Kaduna, ƙanena a Abuja, mata a ɗakunan aurensu. Da muka yi shawara ta waya, sai muka tsaya a kan a rushe sashen ƙasar a ɗora bene, Inna a ƙasa, ƙanwarmu da mijinta ya rasu ita da 'ya'yanta uku a sama.

Bene kuwa ba ya ɓoyuwa. Kowa ya san jan fentin nan da ake wayar gari a gani a jikin katanga, alamar hukuma ta ce a dakata. Saboda haka muka ce mu nemi izinin gini tun kafin a sauke yashi. Aka haɗa ni da wani mutum da aka ce ya san hanyar ofis kamar yunwar cikinsa. A watan Nuwamba na tura masa zanen ginin da kuɗin da ya yanka.

Daga nan na shiga makarantar jiran fayil. Na kira a Disamba, ya ce, "Yallaɓai, yana bisa teburin oga." Na kira a Janairu, ya ce an tahi da shi wajen injiniya. Da azumi ya kama, oga ya tahi Umara. A tsakanin nan ne, cikin Fabrairun 2024, buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da yawa na ƙasar nan, har Gwamnatin Tarayya ta zauna da manyan kamfanonin siminti aka ce a sayar tsakanin dubu bakwai da dubu takwas. Kuɗin da muka tara don hawa biyu ya koma da ƙyar ya ishi hawa ɗaya. Abin da ya fi tsadar simintin ci mini rai shi ne ba ni da hanyar gane ko mutumin nan gaskiya yake faɗa. Kowace amsa tasa tana iya zama gaskiya, domin akwai oga, akwai tebur, mutane kuma suna zuwa Umara.

Wani abokin aikina ɗan Kenya ne ya ji ina wannan waya, ya tambaye ni lambar fayil ɗin. Na ce wace lamba? Sai ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mini yadda ake yi a Nairobi, inda aka mayar da neman izinin gini kan intanet tun 2011. Mai zanen gini da ke da rajista shi ke ɗora takardun a shafin hukuma. Nan take a ba da lamba, a fitar da lissafin kuɗin da za a biya. Daga nan ana iya ganin sashen da takardar ta shiga, ranar da ta shiga, da gyaran da aka nema. Kigali, babban birnin Ruwanda, ta bi wannan hanya a 2013. Abokin nawa bai yabi tsarin har ya wuce gona da iri ba. Ya ce masu zanen gine-gine a ƙasarsu sun sha kukan shafin ya tsaya cak, aiki ya taru. Amma ko a ranar da ya tsaya, kowa ya san ya tsaya.

Yawancin masu tallata irin wannan tsari sauri suke ambata. A ganina, babban amfaninsa shaida ce. Fayil na takarda yana tafiya ne a cikin duhu, wanda ke riƙe da shi kaɗai ya san inda yake, kuma wannan sani shi ne hajar da ɗan tsakiya ke sayarwa. Da zarar an rubuta ranar shiga a inda mai nema zai gani, jinkiri ya sami mai shi. Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 ta hana a riƙe takardar neman izini fiye da wata uku ba tare da hukunci ba, ta kuma ce a sanar da mai nema a rubuce. To, wata uku daga yaushe? Wanda ba shi da rasit mai kwanan wata ba shi da wurin fara ƙidaya.

Mai karatu zai iya tambaya me ya sa Gwamnatin Tarayya ba ta buɗe shafi guda ga ƙasa baki ɗaya ba. Dalili ɗaya shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta kai, wanda ya tabbatar da cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne, in ban da Abuja. Shi ya sa kowace jiha take tafiya da ƙafarta. Abuja ta kafa AGIS a 2003 don mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta, Kaduna ta kafa KADGIS a zamanin Gwamna Nasiru el-Rufa'i, Kano tana da KANGIS. Duk da filaye suka fara, kuma ban fahimci hikimar hakan ba sai da na je gida.

Da ƙaramar Sallah na sauka Sakkwato, bayan hutu na tafi ofishin da kaina. Ma'aikacin da na tarar ya karɓe ni da mutunci, ya tambayi lamba, na ce babu. Ya duba littafin shiga da sunan mahaifinmu, ya duba da nawa, babu ko ɗaya. Ashe ba a taɓa buɗe fayil ɗin ba. Ya miƙo mini jerin abin da ake buƙata: zanen gini mai hatimin ƙwararre, lissafin injiniya na ginshiƙi da rodi tunda bene ne, taswirar safiyo, shaidar biyan haraji. Abu na farko a jerin shi ne takardar mallaka. Nan mutumina ya cije tun Nuwamba, ya rasa bakin gaya mini, ko kuwa ya ga wata biyar na jira sun fi masa riba. Allah masani.

Gidanmu ba shi da takarda. Bai taɓa buƙatarta ba. Sakkwato gari ne da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, kuma gidajen cikin ganuwa sun yi ta wucewa daga uba zuwa ɗa da shaidar maƙwabta da mai unguwa da alƙalin da ya raba gado. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, amma sashe na 34 ya ce wanda ke da gini a birni tun kafin dokar zai ci gaba da riƙe shi tamkar gwamna ne ya ba shi. Wato haƙƙinmu tabbatacce ne a doka. Sai dai haƙƙin da ke cikin sashe na 34 ba shi da hoton da za a ɗora a shafin intanet. Da a ce ran nan an ba ni irin shafin Nairobi, da a gurbin farko zan tsaya, inda aka ce ɗora takardar mallaka. Amfanin da zai yi mini shi ne da a daren farko na san matsalata, maimakon bayan wata biyar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma bai kai izini ba. Duk jihar da ta buɗe shafi ba ta sauƙaƙa wa gidajen gado samun takarda ba, mutanen sababbin unguwanni ta yi wa aiki.

Akwai kuma wani izinin da ban ma san ina nema ba. A daren da na dawo daga ofis, maƙwabcinmu na yamma, aminin mahaifinmu da muke kira Baffa, ya aiko a kira ni. Na durƙusa a zaurensa muka gaisa, ya yi wa marigayi addu'a, sannan ya ce, "Ɗana, na ji bene za ku yi. Madalla. To tagar ga ta yamma da magininku ya faɗa man, mi taka kallo in ba tsakar gidana ba? Kuma ruwan indararonku ina za ya zuba?"

Ban da amsa. Mai zanen ya yi aikinsa ne daga Kaduna, da awon da aka karanto masa ta waya. Bai taɓa ganin inda matan gidan Baffa ke girki ba.

Tambayoyin Baffa sun girmi kowane ofishin tsara birni a ƙasar nan. Malaman Malikiyya sun daɗe da tattauna su. Wani magini a Tunis mai suna Ibn al-Rami, a ƙarni na 14, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini: katangar tarayya, magudanar ruwa, hayaƙi, taga mai leƙen maƙwabci. A littattafan mazhabar an ruwaito hukuncin Sayyadina Umar cewa a ajiye gado a ƙarƙashin tagar da ake jayayya a kanta, mutum ya hau ya tsaya. In ya hango cikin gidan maƙwabci, a toshe ta. Hadisi ya ƙayyade zira'i bakwai ga hanyar da aka yi saɓani a kan faɗinta. A nan gida ma Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita. Baffa bai ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin ya riga ya zama tarbiyya.

Washegari bayan La'asar muka zauna a zauren mai unguwa, ni da Baffa da magini da dattawa biyu. Kafin Magariba an gama. Tagogin yamma za su koma sama da tsayin mutum, don iska da haske kawai. Ruwan rufi zai bi bututu ya sauka cikin gidanmu ya fita ta kwata. Na lura da abu ɗaya: a wannan zama babu wanda zai iya ce mini magana tana bisa teburin oga, domin duk wanda abin ya shafa yana zaune a kan tabarma ɗaya. Irin wannan gani da ido ne shafin Nairobi ke ƙoƙarin maidowa ta wata hanya, bayan birane sun fi ƙarfin zaure.

Ba zan ce zaure ya wadatar ba. Dattawan nan sun san haƙƙin maƙwabci, amma ba su san ko rodin da ke cikin ginshiƙi zai ɗauki hawa biyu ba. Benen da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe fiye da mutum 40, kuma makarantar da ta faɗo wa ɗalibai a Jos a Yulin 2024 ta kashe 22. Ƙanwata da 'ya'yanta ne za su kwana a saman nan, Inna a ƙarƙashinsu. Ina son injiniya ya duba, ina kuma son in ga ranar da ya duba.

Mun fara daga inda ya kamata tun farko. Muka samo takardar rabon gado daga kotu, mai unguwa da hakimi suka sa hannu a shaida, safiyo ya zo ya auna, Baffa na tsaye yana nuna masa inda iyakar ta bi tun zamanin kakanmu. Aka gyara zanen. Na kai takardun da hannuna, na ƙi motsawa sai da aka ba ni rasit mai lamba da kwanan wata. Mutumin farko ya dawo da rabin kuɗin, Inna ta ce a bar masa sauran.

Kafin ruwan Yuni ya sauka muka canza azarar nan biyu, muka shimfiɗa leda aka yaɓe da ƙasa, Inna ta koma ɗakinta. Rasit ɗin yana cikin adakarta, a naɗe tare da katin zaɓenta. Ba ta karatun boko, amma ta sa jikarta ta karanta mata lambar har ta haddace. Duk Juma'a in na kira, bayan gaisuwa, sai ta ce, "To, lambar ga tamu, ta motsa?"